Bishiyar Madam, Tukunyar Inna

Talata, 27 ga Agusta 2013, bayan azahar

Allah ya ƙara wa Bahaushe basira. Na yi ciniki da Misirawa da Sudanawa da Turkawa a kasuwar Ataba, ban ga mai ilimin itace kamar mu ba. Bamisire sai ya shekara talatin da bishiya a ƙofar gidansa, iyakarsa ya zauna a inuwarta ya sha shayi. Mu kuwa yini ɗaya ya ishe mu. Mu sansana ganye, mu ɗanɗana ɓawo, mu gano maganin me take yi. Ba ma barin baiwar Allah ta tsaya haka kawai tana hutawa.

Abin da ya jawo wannan yabo, bishiyar gidanmu ce ta fara zubar da ganye.

Safsaf suke ce mata a nan. Ganye siriri, rassa masu laushi suna zubowa kamar gashin da aka tsefe, ga son ruwa kamar agwagwa. A bakin Nilu take fitowa, amma marigayi mijin Madam Mahasin ya ɗauko reshe daga ƙauyensu ya dasa a 'yar farfajiyar nan ta unguwar Hayyis Sabi, inda ba kogi sai famfo. Madam ce mai gidan. Ranar da ta ba mu hayar ƙasan bene ba ta tambayi sana'ata ba, ba ta nemi takardata ba. Ta dafa bishiyar ta ce, "Ya ibni, ɗana, kai da wannan tare kuke. Ranar da ta mutu, ka nemi wani gida." Na yi mata dariyar kasuwa. Ita ba ta yi ba.

Yanzu tana Iskandariyya wurin 'yarta, tun Larabar nan da jami'an tsaro suka buɗe wa masu zaman dirshan wuta. Ni kuwa ga ni da mai jego da jaririya da suruka, a garin da masu gidaje suka koma leƙen baƙo ta kafar ƙofa suna cewa babu ɗaki.

Kasuwa ta tsaya, bakina bai saba zaman banza ba. Shi ya sa nake rubutu.

Laraba, 28 ga Agusta, da hantsi

Da an ɗage dokar hana fita da safe nake barin gida in ba mata wuri. Da la'asar ma haka. Banɗakin Misirawa bai san wankan jego ba, mutum ɗaya ma da dabara yake juyawa a ciki. Don haka Inna, mahaifiyar matata Kausar, ta ɗaura zannuwa daga bishiya zuwa ƙarfen taga, ta ɗora babbar tukunya a kan gas, a nan take yi mata wanka. Ta ce darbejiya ta so, amma Allah ya hore ganye har cikin gida, kuma wannan ya fi laushi a jiki. Ta bakin Kausar ta faɗa. Ta bakin Kausar na ce madalla.

Na tsinki reshe na kai wa Ammu Ya'ƙub mai sayar da dashe a bayan masallaci. Ya juya ganyen, ya nuna mini ƙananan ƙwari maƙale a ƙasansa, da danƙo baƙi-baƙi, irin darɓar da ke kama dawa a gida. Ya ce in kaɗa sabulu a ruwa in fesa da yamma, in bi ƙasan ganye, in maimaita bayan kwana biyu.

Na ji daɗi ƙwarai. Ƙwaro ba surukin kowa ba ne.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan masallaci

Madam ta kira. Ta tambayi jaririya, ta tambayi safsaf. Na ce tamam, wato lafiya lau.

Da an bi shawarata da Mahasin aka raɗa wa yarinyar nan ranar suna. Mace ba ta korar takwararta daga gida, ko a Misira. Inna ta aiko cewa ba a saka wa jikarta sunan da sai an yi kaki kafin a faɗa. Shafa'atu aka saka. Allah ya raya.

Litinin, 2 ga Satumba, da yamma

Ƙwari sun mutu sarai, har tururuwan da ke bin danƙon sun sauya unguwa. Ganye bai ji labari ba. Yana yin rawaya, bakinsa ya ƙone, ya faɗo. Ɓangaren taga ya fi muni. Ɓangaren titi kuwa shar da shi, kamar ba uwa ɗaya ba.

Na lura rassan ƙasa sun ragu. Iska ce, mai yiwuwa.

Alhamis, 5 ga Satumba, da hantsi

Ƙarar bam ɗaya, gilashin taga ya amsa. Shafa'atu ba ta farka ba. Ban je Ataba ba, ban tambayi kowa komai ba. Inna ta ce a ƙara ruwa a tukunya, la'asar ba ta jiran kowa.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan azahar

Na ga gari kamar na zarto a gindin bishiya. Na bi shi sama, na sami ƙananan ramuka a jikinta. Ammu Ya'ƙub ya ce tsutsa ce mai huda itace, in zura siririyar waya in murɗa, sannan in toshe ramin da laka. Na yi. Na zaro wata fara ƙatuwa, ƙosasshiya kamar dillalin da bai taɓa asara ba. Na ɗora ta a ganye na kai wa Kausar ta gani.

Ta ce, "To ka kama ɓarawo."

Na ce na kama.

Ta dube ni, na dubi tsutsa.

Kafin in baro shi, Ammu Ya'ƙub ya ƙara wata magana da ban saya ba ya ba ni gyara. Wai tsutsar nan ba ta shiga lafiyayyen itace, sai wanda ya riga ya raunana.

Talata, 10 ga Satumba, bayan azahar

Abel ya zo barka. Mutumin Jos ne, yana aiki a ofishin jakadancinmu, ni nake saro wa matarsa abaya tana aikawa gida. Ashe gandun daji ya karanta kafin aikin ofis ya haɗiye shi. Ya miƙa sabulu da turmin atamfa, ya sha kunun kanwar da ba nasa ba, sai idonsa ya faɗa kan bishiya.

"Alhaji, wa ya yi wa wannan haka?"

Na ba shi labarin darɓa da tsutsa, na ƙara da hayaƙin da garin nan ya sha, da ɗauke ruwan famfo. Na tsara shi tsaf. Da mai saye ne da ya biya bai taya ba.

Ya cire kwat ya nemi abin tono. Na ba shi tsohon ludayi. Ya tona ɓangaren titi, ya nuna mini saiwa fara mai ƙarfi. Ya zagayo ɓangaren taga, inda ƙasa ta yi laushi, ya tona. Saiwar can ja ce, ruɓaɓɓiya, ya ja ɓawonta ya saɓule kamar na dafaffen rogo. Ya sansana, ya ɗaga kai ya dubi zannuwa, ya dubi tukunyar da aka kife.

"Alhaji, ba ciwo take yi ba. Dafa ta ake yi."

Na ce ya rage murya.

Ya rage. Ya nuna mini inda aka fizge rassa da hannu, ɓawo ya tsage ya bi jiki, bakin kowane rauni ya yi baƙi ya lotsa. Ya ce ta nan cuta ke shiga, kuma bishiyar da ake tsige wa ganye safe da yamma ba ta da abin da za ta ci. Magani uku ne. A daina zuba ruwan zafi. A daina tsinka. A yanke duk reshen da ya yi baƙi har inda farin itace ya fara, a ƙone shi. In an yi haka yanzu, safsaf tana da taurin rai, za ta iya tashi. In an ƙara mako biyu, in fara neman mai sayen itacen wuta.

Na ce na uku mai sauƙi ne.

Ya ce, "Na ɗaya da na biyu ma magana ce kawai. Ka shiga ka gaya wa Mama."

Na tambaye shi ko a Jos mutum na tsayawa gaban surukarsa ya ce mata wankan 'yarta ya yi yawa. Ya ce su a Jos har rawa suke yi da suruka. Shi ya sa sanyi bai bar garinsu ba.

Ni tun da na auri Kausar, daga "ina kwana" sai "an tashi lafiya", a tsugune, ido a ƙasa. Na sayar wa Bamisire turaren ƙasarsu a kasuwarsu, amma ban taɓa kai jimla biyu a gaban matar nan ba.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Na sami Kausar ita kaɗai, Inna na salla. Na zayyana mata abin da Abel ya ce, na ce ta gaya wa Inna.

Ta ce, "Bakinka ciwo yake yi?"

Na ce uwarta ce.

Ta ce shi ya sa ta fi ni saninta. Yayar Inna ta rasu da jego, jiki ya kumbura, kuma har yau Inna ta yarda ƙarancin wanka ne ya kashe ta. Ba za ta rage ko kwano ɗaya ba sai an yi arba'in. In kuwa ta ji bishiyar amanar mutane ce, ba za ta sake taɓa ta ba, sai dai ta yafa mayafi ta fita neman ganye da kanta. A garin nan. Ba Larabci, ba sanin hanya, da wuƙa a hannu.

"Ka zaɓa," in ji ta. "Ni ake ƙonawa safe da yamma ban ce komai ba. Kai bishiyarka ake ƙonawa kake ta zarya."

Na ga wuyanta ya yi ja. Na fita.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan masallaci

Tamam, ya Madam. Alhamdu lillahi, tamam.

Lahadi, 15 ga Satumba, da azahar

Na ce tunda baki ya gagara, a gwada kasuwa. Ba a hana mai saye kaya, sai dai a nuna masa wanda ya fi. Na hau maikrobas, ƙaramar motar hayarsu, har bayan gari, na sami mai gadin wani lambu, muka fahimci juna, na ciko buhu da ganyen turare da na wata bishiya mai kama da darbejiya sak.

A hanyar dawowa aka tsayar da mu a shinge. Baƙin mutum, da gemu, da buhu. Soja ya ce in sauko. Ya ga iƙamata, takardar izinin zama, ya ce mene ne a buhu. Na ce ganye. Ya ce na sha ne? Na ce na wanka. Ya kira na gaba da shi. Na tsaya a rana ina yi wa mutum biyu masu bindiga bayanin yadda ake tafasa ruwa a tsoma ganye a fyaɗa wa matar da ta haihu. Babban ya ce, "Matarka ce? Me ta yi maka?" Suka zazzage buhun a titi, suka tona da bakin takalmi, suka ce yalla, in wuce. Wani da aka sauke tare da ni, mota ta tashi ba shi. Ban san shi ba.

Na tattara abin da ya tattaru na kawo gida, na ce tsaraba ce daga wani aboki. Inna ta murza, ta sansana. Ta ce a gaya mini an gode, amma na turare yaji gare shi, ɗayan kuma kama ce kawai, ba darbejiya ba ce. Kada in ƙara wahalar da kaina, na gida ya wadatar.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan azahar

Abel ya dawo da zarto da kwalbar sifirit. Muka yi aiki mata na ɗaki. Kowane yanka sai ya goge zarto, wai kada mu ɗauki cutar wannan reshe mu kai wa wancan. Yana yankewa a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai, yana duba cikin itacen, in ya ga baƙi ya ƙara sauka. Muka kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasa muka zuba sabuwa, muka jiƙa ta da ruwan sanyi sosai, muka shafe gindin da farar ƙasa. Na haƙa 'yar kwata daga wurin wanka zuwa magudanar titi, don ruwan zafi ya bi can.

Bishiya ta koma kamar wanda wanzami ya aske wa rabin kai aka kira salla.

Da na dawo da yamma an cike kwatar. Inna ta ce wane ne mai haƙa rami a gidan da ake yawo da jaririya.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan masallaci

Madam ta ce in aika mata da hoto. Na tsaya ta ɓangaren titi, na durƙusa, na ɗauko daga ƙasa. A Ataba ma haka muke yi wa abaya mai tabo, ba ƙarya ba ce, zaɓen wurin tsayawa ne. Ta ce ta ga kamar ta rame. Na ce kowa ya rame a bana, ya Madam.

Za ta zo Juma'a mai zuwa. Jirgin ƙasa bai dawo aiki ba, mijin 'yarta zai kawo ta a mota.

Litinin, 23 ga Satumba, da hantsi

Dillalan gidaje uku. Na farko ya ce babu. Na biyu ya ce ban da baƙi sai gari ya lafa. Na uku ya tambaya wane masallaci nake salla.

Ganye na ta zuba.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan azahar

Madam ba ta jira Juma'a ba.

Ina wurin mai shayi da safe, na ba mata wuri kamar kullum, sai mai gadin gidanmu ya kira ya ce in zo da gudu. Tun daga ƙofa na ji muryar Madam: "Ya lahwi! Kuna dafa yarinya!" Tana bayan zannuwa, inda ba ni da ikon shiga. Na tsaya ta waje, tururi na tashi, jawabin da na kwana uku ina shiryawa a kan tsutsa da hayaƙi yana hannuna ba mai saye.

Inna na cewa, "Wace ce wannan za ta shigo wa mutane ba sallama? Kausar, me take faɗa?"

Kausar, da zane a ƙirji, ta zama tafinta. Madam ta ce ta haifi huɗu ba wanda ya tafasa ta, kuma likita zai ɗaure mutum a kan wannan. Inna ta ce a gaya mata ta haifi tara, duk da wannan ruwan, ga ta a tsaye. Madam ta sa hannu a tukunya ta janye da sauri. Ta buɗe famfo da kanta ta surka. Inna ta ce an ɓata ruwa. Kausar ba ta fassara wannan ba.

Sai Madam ta ga damin ganyen da ke hannun Inna, ta ɗaga kai.

Ta fito daga bayan zannuwa, ta wuce ni kamar turke, ta zagaya bishiyar. Ta shafa wuraren yanka ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mijinta a aljihun jallabiya ya kawo ta, sanda ce kamar asuwaki. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juyo ta ce, "Tamam, ko? Kowace Juma'a tamam." Ta ce ƙarshen wata mai zuwa in ba ta makullinta.

Inna ta leƙo ta ce me ake cewa. Kausar ta dube ni ta saman zane. Na dubi ƙasa. Sai ta faɗa mata duka, da sharaɗin haya, da saiwar da ta dahu, da dalilin buhun ganye, da dalilin rami.

Ban taɓa jin muryar Inna ta kai haka ba. "Wata guda ina cin amanar marainiyar Allah ba wanda ya buɗe baki? Ki tambayi mijin naki, ni dodo ce? Da an ce mini kwatar ta ruwa ce ai da kaina zan faɗaɗa ta! Mutum sai surutu a waya da mutanen Kano, a gida kuwa kamar an ɗinke shi!"

Na ce, "Allah ya huci zuciyar Inna." Jimla guda, a tsugune.

Ta kama hannun Madam ta ja ta bayan ƙofar kicin. Ashe a bokitin ruwan sanyi take ajiye rassan da ta tanada don kada su yi yaushi, kuma na ƙasa sun fitar da fararen saiwoyi kamar gemun akuya. Ta zaro ɗaya ta danƙa mata. Sannan ta dafa bishiyar, ta dafa ƙirjinta, ta nuna sama. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Abin da ya biyo baya ne Kausar ta fassara, muryarta na rawa, ban sani ba ko dariya ce: Inna ta ce ita ta ɓata, ita za ta gyara, kuma ba za ta taka jirgin Kano ba sai ta ga sabon ganye a kan uwar bishiyar da idonta.

Madam ta tambaya yaushe aka shirya tafiyar tata. Aka ce mako mai zuwa. Ta ce safsaf ba ta sabon ganye sai sanyi ya wuce, wajen watan Maris. Inna ta ce ko na Maris ɗin baɗi ne.

Madam ta daɗe tana juya reshen a hannu. Ta ce muddin Hajja, wato Inna, na gidan, makulli na hannunmu. Da Hajja ta yi magana, ba da ni ba.

Asabar, 28 ga Satumba, da hantsi

An yi arba'in jiya. An kife tukunya, an kwance zannuwa. Kausar ta yi kitso, ta ce iska ma daɗi gare ta.

Inna ta jera rassa masu saiwa a gindin katanga, kowanne da da'irar duwatsu. Ta sa an kira Abel, ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi kamar alƙali, yana "Mama" yana ƙarawa. Ya kankare ɓawon uwar da farce ta ɓangaren titi, ya nuna mata kore a ciki. Ya ce akwai rai. Ruwan sanyi, a jiƙa sosai amma ba kullum ba, kada a sa taki sai ta farfaɗo, a riƙa duba ramukan tsutsa.

Yanzu ni ke jan tiyo, ita ke nuna wuri. Ta daina bi ta bakin Kausar, ta ce kunya ce ta kusa kwana da mu a titi. Jiya kai tsaye ta ce mini hular nan ba ta yi mini kyau, kuma wayata ta yi yawa. Gobe zan je layin sabunta mata iƙama. Katifata tana falo har Maris.

Gida ya tsira. Bishiya ma Abel ya ce in ta sami hutu da sarari za ta dawo kamar ba a yi ba. To wanda ba zai sami ko ɗaya ba fa, shi wa zai kankare ya duba ko akwai sauran kore?